Yawan mazauna gari da faɗin yankin da yake yi wa hidima

Mutane da dama suna zaton yawan mazauna gari kaɗai ke sa a kafa masa babban asibiti ko babbar kasuwa. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan masu tasowa daga nesa domin biyan buƙata. Mai shagon unguwa maƙwabtansa sun ishe shi ciniki, amma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato sai ya haɗa da marasa lafiya daga Kabi da Zamfara, domin ba kullum ake buƙatar babbar tiyata ba. Illela kuwa, duk da ba ta kai Sakkwato jama'a ba, zamanta a bakin iyaka ya sa kasuwar dabbobinta ke jawo fatake har daga Nijar.