Masu Danne Kiɗan Fim Suna Raina Kunnen Ɗan Maraɗi

Duk mai zuwa rumfunan tura fina-finai a waya da ke kewayen babbar kasuwar Maraɗi ya san abin da ya zama ruwan dare a ƴan shekarun nan. Ana ɗauko fim ɗin waje a fassara shi da Hausa, sai a danne kiɗansa na asali, a ɗora wani guntun kiɗan fiyano da ke maimaita kansa tun daga farko har ƙarshe. Inda aka bar na asalin ma, da zarar mai fassara ya buɗe baki sai sautin ya mutu, idan ya yi shiru kuma ya dawo da ƙarfi a tsakiyar gaɓa. Cutar ta tsallaka zuwa fina-finanmu masu dogon zango na YouTube, inda kiɗan kwamfuta guda ɗaya ke raka zaman makoki, ya raka ɗaurin aure, ya kuma raka faɗan ƴan daba.

Hujjar masu wannan aiki ita ce mai kallo labari ya zo nema, ba ruwansa da abin da ake kaɗawa a baya. Wannan magana raini ce, kuma a Maraɗi ta fi ko'ina rashin tushe. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Katsinar Maraɗi ko ta Tibirin Gobir ranar hawan salla ya ga yadda jama'a ke gane wanda ke tafe tun kafin su hango dokinsa, saboda kakaki da algaita da tambari sun riga sun faɗa musu. Kowane basarake da takensa, mahauta da nasu, ƴan kokawa da nasu, kuma yaro ƙarami yana bambance su. Al'ummar da ta tashi a kan haka ba za a ce mata ba ta jin kiɗa ba.

Abin da manyan masu tsara kiɗan fim suka gina sunansu a kai ke nan. John Williams ya yi wa kowane babban jarumi na Star Wars nasa taken, kuma taron makaɗan birnin Landan, masu goge da masu busa da masu ganga, su suka kaɗa na fim ɗin farko a 1977. Kafin nan, a 1975, da sauti biyu kacal da ke bin juna ya sa masu kallon Jaws suka riƙa jin kifin yana tafe alhali ba su gan shi ba. Ennio Morricone na Italiya, wanda ya rasu a 2020, da fito da busa ya yi wa fina-finan kaboyi muryar da dattawan da suka yi zamanin gidajen silima ke iya rerawa har yau. Idan aka cire waɗannan aka sa fiyano mai zagaye, an zubar da rabin labarin, kuma mai fassara komai iya bakinsa ba zai mayar da shi ba.

Misalin da ya kamata ya hana mu barci shi ne Black Panther na 2018. Jarumin ya fito ne daga littafin zane na Amurka a 1966, ya kuma daɗe a bayan fage ba a damu da shi ba. Da za a yi fim ɗinsa, mai tsara kiɗan, Ludwig Göransson ɗan Suwidin, ya tafi Senegal ya bi mawaƙin ƙasar Baaba Maal, ya ɗauko tama, wadda ƴar uwar kalangunmu ce, ya haɗa ta da taron makaɗa na Turai, ya sa ta riƙa kiran sunan jarumin duk lokacin da ya bayyana. Da wannan aiki ya karɓi kyautar Oscar a 2019. Baƙo ya zo ya ga darajar abin da ke hannunmu, mu kuma muna da masu kalangu da goge da gurmi a unguwanninmu suna jiran biki kafin su ci abinci, masu shirya fim suna wuce su su je su sauko da kiɗan banza daga intanet.

Saboda haka nake jin haushi idan aka kira samarin da ke tara kiɗan fim a wayoyinsu, ko suke farautar tsofaffin littattafan zane, da sunan marasa aikin yi. Masu cewa wannan baƙuwar al'ada ce ba su san tarihin yankinsu ba. Mujallar Kouakou, ta labaran zane don yara, ta yi yawo a makarantun ƙasashenmu shekaru da yawa. A Najeriya an buga jarumi baƙar fata mai suna Powerman tun 1975, kuma ɗaya daga cikin masu zana shi, Dave Gibbons, daga baya ya zama babba a wannan fanni a duniya. A nan gida Nijar marigayi Moustapha Alassane ya fara yin fim na zane mai motsi tun a shekarun 1960, lokacin da yawancin ƙasashen Afirka ba su fara tunanin hakan ba. Yaron da ya san waɗannan sunaye, yake kuma iya gane mai tsara kiɗa daga jin gaɓa ɗaya, shi ne irin mutumin da sana'ar fim ɗinmu ta rasa, amma shi ake yi wa dariya a majalisa.

Batun tsada da ake yawan fakewa da shi bai isa uzuri ba ga wanda ke iya hayar manyan motoci da gidajen bene don fitowa ɗaya. Ba a ce a tara makaɗa tamanin ba. Mai goge ɗaya da mai sarewa da mai kalangu, da ɗaki marar hayaniya, sun isa a yi wa jarumi take, a yi wa mugu nasa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da gidan al'adu na gari suna iya haɗa waɗannan samari da makaɗan gargajiya, masu fassara kuma su koyi raba murya da kiɗa kafin su taɓa aikin wani.