Ciwon kofaton elk a Washington: ƙuri'a ba za ta dawo da garke ba

A 2021, hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar Washington a Amurka ta fito da wani tsari kan ciwon kofaton da ke cinye garkunan elk, manyan barewar nan masu ƙaho mai rassa da suka fi gwanki girma. Maharbin da ya harbi wadda ke ɗingishi, ya yanke kofatanta ya kai wa hukuma, za a jefa sunansa cikin ƙuri'a. In ya dace, a ba shi izinin farauta na musamman. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana yabon wannan tsari, domin ihu ne bayan hari, kuma mutanen da aka yi wa kunnen uwar shegu tun farko su ne yanzu aka ɗora wa aikin kwashe gawa.

Maharba ne suka fara ganin abin. Tun cikin shekarun 1990 ake samun rahoton elk masu ɗingishi jefi-jefi a kudu maso yammacin jihar, amma a 2008 rahotannin suka yi yawa ƙwarai, musamman a yankin kogin Cowlitz, cikin garken Dutsen St. Helens da na tuddan Willapa. Sai a 2014 aka tsayar da magana cewa ƙwayoyin bakteriya ne dangin treponema, 'yan uwan waɗanda ke sa wa shanu da tumaki gyambon kofato. Sai a 2017 majalisar dokokin jihar ta ɗora wa tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Jihar Washington jagorancin bincike, aka ɗauko Dakta Margaret Wild a 2018. Shekara goma ke nan tsakanin kuka da zuwan likita. A cikin wannan tazara cutar ta shiga Oregon, ta tsallaka tsaunukan Cascade zuwa gundumar Klickitat, ta bayyana a Idaho, a 2020 kuma aka tabbatar da ita a arewacin Kalifoniya.

Duk wanda ya ga hoton ƙafar da ta kamu ya san me ya sa maharba ke magana da zafi. Abin yana farawa da ɗan gyambo a fatar da ke tsakanin yatsun kofato. Daga nan ya ci ƙasan kofaton, kofaton ya yi tsawo ya lanƙwashe ya karkace, a ƙarshe ɓawonsa ya kwaɓe gaba ɗaya, dabbar ta koma taka ɗanyen nama a cikin taɓo. Ba ta iya bin garke, ba ta iya tsayawa kiwo yadda ya kamata, sai ta rame har a ƙirga haƙarƙarinta, hunturu ya zo ya ƙarasa ta. Saniya a garken madara ana iya kama ta a gyara kofaton, a tsoma ƙafar cikin ruwan magani. Dabbar dawa ba ta da wannan gata, kuma har yau babu allurar rigakafi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hannun hukuma a cikin raguwar garken. Tsarin da ta fitar a 2006 ya ce elk ɗin St. Helens sun yi wa kiwon yawa, a rage su daga kusan 12,500 zuwa 10,000. Aka buɗe ƙofar harbin matan elk, aka ci gaba da ba da izini a daidai shekarun da cutar ke ƙara ƙarfi. Ƙididdigar hukumar da kanta ta nuna cewa tsakanin 2009 da 2013 garken ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mace ce ke haihuwa, kowa ya san haka. Rage mata a garken da annoba ta riga ta kama ganganci ne, kuma ba maharbi ne ya tsara shi ba. Shi izini aka sayar masa, ya saya bisa amana cewa masu ilmin sun san abin da suke yi.

Ra'ayin da na fi ƙi shi ne wanda ke cewa tunda an gano ƙwayar cuta, magana ta ƙare. Da maharba suka yi ta nuna yatsa ga maganin ciyawar da kamfanonin katako ke fesawa bayan sun sare daji, amsar da suka samu ita ce babu hujjar da ta haɗa feshin da cutar. Gaskiya ne wasu maharban sun wuce gona da iri, suna cewa guba ce kawai babu wata ƙwayar cuta. Gwajin da aka yi a Pullman, garin da Jami'ar Jihar Washington take, ya rufe wannan baki, domin elk masu lafiya da aka haɗa da ƙasar da aka gauraya da kofatan masu ciwo sun kamu. Amma wannan bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba: me ya sa cutar ta yi ɓarna mafi muni a wannan yanki?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan Dutsen St. Helens ya yi aman wuta ranar 18 ga Mayu, 1980, ciyayi da ƙananan itatuwa suka mamaye filin da ya ƙone, elk suka ci suka hayayyafa. Da itatuwan da aka dasa suka girma suka rufe sama, abincin ƙasa ya ja baya. A gonakin katako kuwa, ainihin aikin maganin ciyawa shi ne kashe tsirran da ke gogayya da dashen, kuma da yawansu su ne abincin elk. Ba sai an tabbatar da guba ba kafin a yarda cewa feshi yana rage kiwo a shekarun farko bayan sara. Binciken hukumar ya nuna cewa matan garken St. Helens suna shiga hunturu da ƙarancin kitse, masu binciken jami'ar kuma sun ga ƙarancin sinadarin seleniyom a gashin waɗanda suka kamu. Dabba mai yunwa, cikin ƙasa mai jiƙe kusan duk shekara, ita ce ƙwayar cuta ta samu. Maharba sun faɗi haka da nasu harshen tun ba a rubuta shi a takarda ba, aka ɗauke su masu hayaniya a zauren taro.

Masu cewa a bar daji ya gyara kansa ba su da abin faɗa wa dabbar da ke tafiya ba kofato. Masu cewa maharba nama kawai suke kuka a kai, su tuna cewa tun dokar Pittman-Robertson ta 1937 harajin bindiga da harsashi ke zuwa asusun kula da namun daji, ban da kuɗin lasisin da suke biya kowace shekara. Da kuɗinsu ake biyan wani ɓangare na aikin hukumar da ta yi jinkirin saurarensu. Kuma a cikin shekarun nan ne manyan masu gonakin katako suka fara sayar da izinin shiga dazukan da a da ake shiga kyauta. Mutum ya biya lasisi, ya biya kuɗin ƙofa, ya shiga ya tarar da garke ya ragu, wanda ya rage ma yana ɗingishi.

Ban ƙi a cire masu ciwo daga cikin garke ba, tausayi ma ya wajabta hakan. Amma ƙuri'a ba ta ƙara ganye ko ɗaya a daji. Ya kamata a ware manyan yankuna a dakatar da feshi na wasu shekaru, a kwatanta lafiyar garkensu da ta maƙwabta, kuma a ba wa waɗanda ba su cin albashin katako aikin. A riƙa buɗe wuraren kiwo a dazukan gwamnati, a riƙe izinin harbin mata har sai garke ya farfaɗo. Kuma a ba maharban Cowlitz da Willapa kujera a wurin yanke shawara, tunda majalisar da ta iya yin doka a 2017 tana iya yin wata a zamanta na gaba.