Kafin a shafa jan fenti a katanga

A garuruwanmu, sau da yawa mutum kan san za a tashe shi ne ranar da ya wayi gari ya ga jan fenti a katangarsa. Sai daga baya a kira taro a ƙofar hakimi, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an tuntuɓi jama'a, alhali sanarwa kawai aka yi musu.

Shekarun baya, aikin hanya ya ratsa unguwarmu a Gombe. Masu ƙiyasi suka ƙirga ɗakunan gwaggona, suka tsallake rijiyarta da mangwaro biyu da take sayar da 'ya'yansu. Da yake mijinta ya rasu, kuma ba a gayyaci mata taron ba, sunan ƙaninsa aka rubuta. Sau uku muna zuwa ofis. A na ukun muka gane cewa wanda za mu kai wa kukan shi ne wanda ya yi ƙiyasin. Ko 'yar takardar shaidar karɓar ƙorafi ba mu samu ba.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Diyyar da ta tanada ta gini ce da amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba, kuma saɓani kan kuɗin yana komawa ga kwamitin da gwamnan ya naɗa. Ina manomi zai dosa? Bankin Duniya kuwa yana gindaya sharaɗin kafa hanyar karɓar ƙorafi a ayyukan da yake ba da rance, irin su ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa. Abin da ke ci mini rai shi ne sai mai ba da bashi ya tilasta kafin mu saurari namu.

Mun ga abin da toshe kunne ya haifar a aikin madatsar ruwan Bakolori, a jihar Zamfara ta yanzu, a 1980, inda rikicin diyyar gonaki ya ci rayukan manoma.

Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, mutanen Alkaleri ta jihar Bauchi da maƙwabtansu na Gombe suka san gonaki za su shiga lissafi. Yanzu ya kamata a zauna da su, har da mata da masu noman aro da makiyayan da burtalinsu zai toshe. A karanta jerin sunaye da Hausa da Fulatanci a bainar jama'a, a kuma ware mai karɓar ƙorafi daban da mai ƙiyasi, ya ba mutum lamba da ranar da zai dawo ya ji amsa.