Mai Kujerar Gefe Ba Shi Da Labarin Sitiyari

Jama'a, ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Akwai wani bawan Allah da ya ɗaura ɗamarar kushe motata, Dodge Challenger, duk inda aka zauna hirar motoci. Wai tsohon yayi ce, wai allon cikinta ƙarami ne, wai ma an daina ƙera ta. Na daɗe ina kawar da kai. Abin da ya sa na tanka yau shi ne na ga matasa masu sha'awar mota sun fara ɗaukar zancensa a matsayin ilimi, wannan kuwa ba zan haɗiye shi ba. Mutumin da iyakar saninsa da Dodge Challenger shi ne ya jingina da bonet ɗin ta wani a ɗauke shi hoto, shi ne yau ya zama alƙalinta.

To, mu shiga cikin motar, tunda nan ne bakinsa ya fi kaifi. Tawa samfurin Challenger ce da ake kira Scat Pack, allon da ke tsakiyar dashbod ɗinta inci 8.4 ne, mai tsarin Uconnect, wato manhajar da ke tafiyar da allon. Na sani sarai cewa kishiyarta Ford Mustang ta 2024 ta zo da alluna biyu, ɗaya inci 12.4, ɗayan 13.2, kuma ban raina aikin ba, sun yi kyau. Amma ni tambayar da nake yi wa kowane allo ita ce: me kake gaya wa direba? Nawa, idan na buɗe shafin Performance Pages, yana nuna mini zafin man inji da matsinsa, da zafin ruwan lagireto, da na man giya, har da zafin iskar da inji ke shaƙa. Yana auna daƙiƙun da na ɗauka daga tsaye zuwa gudu, yana auna ƙarfin da ke wurga jiki gefe idan an sha kwana. Ba na taɓa matsa wa injin sai na ga mansa ya yi ɗumi, kuma allon nan ne ke ba ni izini. Wanda ke neman waya ta hau allo, tun 2017 motar ke da Apple CarPlay da Android Auto. Mutumin namu bai san da wannan shafi ba, domin daga kujerar gefe sautin kiɗa kawai ake ƙarawa.

Abin da yake kira ƙauyanci kuma, wato maɓallan murɗawa na sauti da na iskar sanyi, su ne abin da na fi ƙauna a ɗakin nan. Hannuna ya haddace wurinsu, ba sai ido ya raka shi ba. Ku yi lissafi da kanku: mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Idan ka sunkuyar da kai daƙiƙa biyu kana laluben hoton fanka a gilashi, ka shafe kusan mita 67 ba ka ga hanya ba. A mota mai irin wannan ƙarfi ba na son wannan ciniki ko kaɗan. Gaban sitiyari ma allurai ne na gaske guda biyu, maleji da na juyin inji, da ƙaramin allo a tsakaninsu. Kallo ɗaya ya wadatar.

Kujerun faffaɗa ne, mutum ya yi doguwar tafiya bai sauko yana dafe ƙugu ba. Baya na ɗaukar manya, but ɗin kuma na cin kaya sosai.

Yanzu ga inda mai kushe ba shi da ta cewa, don bai san yadda ake ɗora ƙafa a totur ɗinta ba. Injin HEMI ne, silinda takwas, lita 6.4, ƙarfin doki 485, ba turbo, ba komai da ke cusa masa iska. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, sha shida ke nan. Ku tambaye shi wannan a gaban mutane ku ga yadda zai soma duba waya. Rashin turbo na nufin babu jira: gwargwadon yadda ka taka, gwargwadon yadda take amsawa, nan take. Idan ka tayar da ita da sanyin safiya, rugugin salansa ta kujera yake shigo maka kafin ya iso kunne. Giyar mai hawa takwas ce, ƙirar ZF ta Jamus. A cikin gari ba ka ma jin tana canzawa, amma ka danna maɓallin Sport ka taka, sai ta riƙe kowace giya har sama, ta sake ta da wani ɗan bugu a gadon baya. Wannan bugun nake so. Idan kuma ka daidaita gudu a miƙaƙƙiyar hanya, injin na kashe silinda huɗu ya yi tafiya da huɗu don rage shan mai. Wai wannan ce motar da ba ta da fasaha.

Ya ce tana da nauyi. Gaskiya ne, ta haura kilo 1,900, kuma ba wanda ya saye ta bai san haka ba. Nauyin nan shi ke sa ta kwanta a kwalta, iskar manyan motoci ba ta girgiza ta, ga tazarar kusan mita uku tsakanin tayoyin gaba da na baya. A kwana kuwa tana da ladabinta. Ka taka birki tun kafin ka shiga, ka bar gabanta ya zauna, ka juya a hankali, sai sitiyari ya fara miƙewa sannan ka ba ta wuta. Duk ƙarfin nan a tayoyin baya yake sauka. Idan ka yi gaggawa, musamman kwalta na jiƙe, bayanta zai nemi ya riga gabanta. Shi ya sa na'urar hana santsi ba ta barin aiki a motata muddin ina kan hanyar jama'a. Akwai kuma tsarin da ke riƙe birkin gaba ya saki tayoyin baya su juya su yi zafi. An yi shi ne don filin tsere na mita 402, ba don a tara 'yan kallo a titi ana turnuƙe su da hayaƙi ba.

Na san wani da aka ba aron makullin irin wannan mota, ya kashe na'urar hana santsi don a ga bajintarsa, bai yi nisa ba mota ta juya da shi ya fuskanci inda ya fito. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Tun ranar ne fa motar ta zama tsohon yayi a bakinsa. Kayan aro ba ya rufe katara, malam.

Batun an daina ƙera ta kuwa, haka ne. Wannan zubin ya fito a 2008 da siffar kakarsa ta 1970, aka yi ta ƙera shi har Disamban 2023 a masana'antar Brampton da ke Kanada. Shekara goma sha biyar mutane na saye. A tsakani aka fitar da samfurinta na Hellcat mai doki 707, aka rufe da Demon 170 mai 1,025. Da kamfanin ya kawo Charger Daytona mai lantarki, sai da ya sa mata na'urar da ke fitar da ƙara irin ta inji, don ya san abin da masu wannan mota ke nema. Ni nawa sautin daga ƙonewar fetur yake fitowa.

Ba na gaba da kowa a kan mota, kowa da abin da ransa ke so. Abin da ba na so shi ne a riƙa hana yara sanin abu da bakin wanda bai san shi ba. Idan da gaske yana son ya yi magana a kanta, ya zo da lasisinsa, zan ba shi makulli in zauna a gefensa. Sharaɗina ɗaya ne: hannunsa ba zai je kusa da maɓallin na'urar hana santsi ba.