Alau ta ɓalle, mun ce ƙaddara, mun tashi

Jiya muna waya da gwaggona ta unguwar Gwange a Maiduguri, hira ta kai mu ga ambaliyar Maiduguri. Na fara tambaye-tambaye, sai ta katse ni: "Kai ɗan nan, bar tone-tone. Abin da Allah Ya rubuta ne." Na ce to, Gwaggo. Amma maganar ta kwana tana ci min rai.

Wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari mutane na barci. Ruwa ya shiga Monday Market, ya shiga asibitin koyarwa, bai bar fadar Shehu ba. Fursunoni 281 suka fice da katangar gidan yari ta rufta. Yawancin dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi suka mutu, aka rinƙa gargaɗin jama'a game da kadoji da macizai. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Gwaggo da jikoki uku ta fita, da buhun takardun makarantarsu a ka, ruwa iya ƙirjinta. Awakinta biyu ta kwance musu igiya ta bar wa Allah.

Abin da talakawa suka yi ranar, wallahi ko maƙiyi ya sara musu. Samari suka shiga ruwa suna goya tsofaffin da ba su sani ba. Matar da ta sauki su Gwaggo, ɗaki biyu gare ta, ta kwana da mutum fiye da goma, ta dama kunu da geron da ta ajiye wa 'ya'yanta. Ba ta ɗauki hoto ba, ba ta sa a Facebook ba. Kuma ba sabon abu ba ne a garin nan. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, yawancin waɗanda suka gudo daga Bama da Gwoza da Monguno gidajen mutane suka sauka, sansani ya samu kaɗan. Har sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a 2021 sai da aka sake buɗe shi saboda ruwa.

Wajen taimakon juna ba mu da na biyu. Inda muke faɗuwa shi ne bayan an gama jaje.

Madatsar nan tun shekarun 1980 aka gina ta. Ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna a 1994. Shekara talatin cif tsakani! A cikin shekarun nan wa ke duba ta? Wa ya sayar da filaye a bakin kogi, wa ya sa hannu aka gina? Kana ɗaga murya sai a ce ba ka da tawakkali. Alhali da annoba ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah zai yi? Ya ce eh, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Idan Gwaggo ta ce ƙaddara, zuciyarta take rarrashi, kuma tana da gaskiya. Idan mai riƙe da kuɗin gyara ya faɗa, mafaka ya samu. Kalma ɗaya ce, amma baki biyu ne.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Kwalbatin layinmu cike take da ledar ruwa, har da wadda na jefa da hannuna.

Ba a cika wata tara ba, a ƙarshen Mayun 2025, ruwa ya ci Mokwa a jihar Neja, mutum sama da 150 suka rasu. Muka sauya hoton shafi, muka rubuta "Allah Ya kiyaye gaba", manya suka je jaje da jerin gwanon motoci.

Gwaggo ta koma gidan nata, a wurin da yake. Ta ce har yanzu shatin ruwan na nan a bangon ɗaki, sama da taga, kuma da damina ta kama ba ta cire takardun yaran daga cikin buhu.