Kafin a ƙarasa cinye barandar Titin Ahmadu Bello

Duk mai bin Titin Ahmadu Bello na garin Kaduna a 'yan shekarun nan, daga wajen filin wasa har shataletalen NEPA, ya san abin da ake ciki. Yau ka ga an kewaye wani tsohon kanti mai baranda da kwano, bayan 'yan watanni ka dawo ka tarar da bene mai hawa uku, fuskarsa duk gilashi, an rubuta masa "plaza" da manyan haruffa. Hawan ƙasa a cike. Na biyu rabi da rabi. Na uku kuwa sai takardar neman ɗan haya da rana ta ƙoɗar da ita. Kuma idan ka yi magana, amsar guda ce a bakin masu gini da dillalansu da wasu jami'ai: wai titin ya tsufa, tsufan ne ya kori masu saye, maganinsa a rushe a ɗora sabo. Wannan magana ce nake ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Titin nan ba kyan gini ne ya mai da shi kasuwa ba tun asali. Lokacin da Gwamna Lugga ya ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru ya kawo ta Kaduna a 1917, dalilinsa jirgin ƙasa ne da ruwan kogi da fili. Aka ware wa Turawa da ofisoshin gwamnati gefensu, aka yanka wa akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa Sabon Gari a layi-layi. Sunayen layukan kansu sun isa shaida kan waɗanda suka cika wurin: Lagos Street, Ibadan Street, Abeokuta Street, ga Kano Road, ga Katsina Road, ga Jos Road. Babban titin da daga baya ya ɗauki sunan Sardauna shi ne kashin bayan da ya haɗa gadar kogi da tashar jirgi ta kudu da ofisoshin da ke arewa. Wanda ya sauka daga jirgi nan zai bi, wanda ya tashi daga ofis nan zai bi, kuma yawancinsu a ƙafa ko a keke. Inda ƙafa take yawa, nan ake kasa kaya.

Sai kuma albashi, wanda shi ne ainihin jinin titin. Kaduna ce hedikwatar Jihar Arewa baki ɗaya har 1967. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya cikin shekarun 1960. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga Janairun 1966, kuma a kan titin nan gidanta yake, haka ma hedikwatar NNDC, kamfanin zuba jari na jihohin Arewa. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Dubban mutane ke nan da ke karɓar kuɗi a ƙarshen kowane wata, su tsallako gada ko su gangaro daga Kawo su sayi atamfa da takalmin yara da rediyo da keken ɗinki. Su ne suka riƙe manyan kantuna irin su Leventis da UTC da Kingsway, su ne kuma suka riƙe tela da mai gyaran agogo da ke maƙale a gefensu.

A duba yadda abin ya zube, a gaya mini inda tsufan gini ya shigo. Ƙirƙiro jihohi ya rarraba ma'aikatan gwamnatin Arewa, aka sake cire Katsina a 1987. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, manyan kantunan da suka dogara da kayan waje suka fara naɗe tabarma a duk faɗin ƙasar, ba a Kaduna kaɗai ba. Gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disambar 1991, mai kuɗin da a da zai yi sayayya a Kaduna ya samu wani wurin. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Sannan ga abin da ba a cika son faɗa ba: rikicin 2000 da na 2002 sun raba garin gida biyu, kogi ya zama iyaka. Mutanen Barnawa da Sabon Tasha da Television suka raya kasuwanninsu a can kudancin kogi, mutanen Rigasa da Tudun Wada da Kawo suka raya nasu a nan arewacinsa. Tsakiyar garin da a da kowa ke haɗuwa ta rasa rabin masu zuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bene mai gilashi zai warware. Aljihun da ba kuɗi ba ya cika don an sa masa tayil.

Masu begen zamanin Kingsway, da ke so a dawo da titin yadda yake a 1975, ba sai an ɓata lokaci a kansu ba. Wancan jirgi ya riga ya tashi. Rigimata da masu rusau ce, domin su ke da katafila.

Tsohon kanti na titin nan, irin wanda ake rainawa, an gina shi da lissafi. Titin ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa, don haka kowane shago ko dai yana fuskantar gabas ko yamma. Wanda ke fuskantar yamma, daga azahar zuwa la'asar rana a ƙofarsa take, musamman a Maris da Afrilu. Shi ya sa aka yi baranda mai zurfin mita biyu zuwa uku, ginshiƙai a gaba, rufi a sama. Rana ba ta kai wa kaya, atamfa ba ta ƙoɗewa, ruwan Agusta ba ya feshin ƙofa. Silin ɗin da tsawo, ga ramukan iska a saman ƙofa, zafi ya tashi ya fita. Bayan shagon akwai sito, bayan siton akwai lungu ko tsakar gida inda ake sauke dila ba tare da an tare titi ba. Mafi muhimmanci, barandar wannan kanti tana haɗe da ta maƙwabcinsa, mutum ya yi tafiya mai nisa a inuwa yana kallon kaya. Wanda ya fito sayen batir sai ya koma gida da yadi biyar na shadda. Cinikin titi haka yake, rabinsa ba da niyya aka fito yinsa ba.

Filaza kuwa, abu na farko da take ci shi ne barandar nan. Mai gini yana lissafin kowane taku a matsayin kuɗin haya, sai ya turo bango har bakin kwata, ko kuma ya ja baya ya kewaye gaban da shinge da ƙofar ƙarfe. Ko ta wace hanya inuwar ta yanke, mai tafiya ya sauka kan kwalta yana kokawa da a-daidaita-sahu. Gilashin da ke fuskantar yamma yana mai da shago tanda, dole sai na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma dole sai janareta, kuma kowa ya san abin da litar mai ta zama tun cire tallafi a Mayun 2023. Duk wannan a kan kuɗin kaya yake sauka.

Hawa na sama wata asara ce da ake ta maimaitawa kamar ba a gani. Mai saye a Kaduna ba ya hawa matakala don kallon kaya. Yana hawa ne kawai idan ya san wanda yake nema, lauya ko mai gyaran waya ko ofishin tafiye-tafiye. Irin waɗannan ba su kai yawan ɗakunan da ake ginawa ba. Hajiya mai ciwon gwiwa ba za ta hau hawa uku don turmin atamfa ba alhali ga shi a Kasuwar Gumi a ƙasa. Mai ginin, da ya ga sama ba ta kawo komai, sai ya ɗora wa na ƙasa nauyin duka benen.

Ga kuma lissafin ajiye mota, wanda kowa zai iya yi a bayan ambulan. Fili mai ƙafa 100 da 100 bai wuce murabba'in mita 900 da 'yan kai ba. Mota ɗaya tana cin mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo, idan ka haɗa da wurin juyawa ta kai kusan murabba'in mita 25. Mota ashirin kacal sun cinye fiye da rabin filin. Wa ya taɓa ganin mai filaza mai shago arba'in ya bar rabin filinsa fayau? Sai a zana layi biyar ko shida a gaba, masu shagunan su cika su da nasu motocin tun safe, mai saye ya tsaya a titi, jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar, su zo su yi aikinsu. Wanda aka ci tara sau ɗaya a ƙofar shagonka ba zai sake dawowa ba, kuma ba laifin jami'in ba ne. Laifin yana kan teburin da aka sa wa zanen ginin hannu.

Su waye suke fita idan an rushe? Mai yanka makulli, mai yin hatimi, mai gyaran agogo da tabarau, mai sayar da littattafan makaranta, tela mai keke biyu. Sabon shago ana neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ga kashi goma na dillali, wani lokaci ga na lauya, ga kuɗin mai gadi da na janareta. Sana'ar da ribarta ɗari biyar-biyar ce ba ta ɗaukar wannan. Mutumin ba ya barin unguwar, domin nan masu nemansa suka san shi, sai ya samu tebur da laima ya zauna a bakin kwata. Bayan shekara guda kuma a ce shi ne ke jawo cunkoso, a turo motar kwashe kaya. An kore shi daga inuwa, sannan ana tuhumarsa da zama a rana.

Za a ce ai gine-ginen sun lalace, kuma wasu sun lalace ɗin. Amma a tambayi kowane tsohon birkila me ke kashe su. Ruwa ne. Duk lokacin da aka sake shimfiɗa kwalta ba a kankare ta ƙasa ba, titi yana ƙara tudu, har daɓen shago ya koma ƙasa da titi. Kwata ta cika da leda da yashi, ruwan damina ya rasa hanya ya kwanta a gindin bango. Danshi ya hau, filasta ta fara ɓarewa, ƙarfen ginshiƙi ya yi tsatsa ya fasa siminti. Daga sama kuma kwano ya huje, katakon rufi ya jiƙe, gara ta samu abinci. Gyaran yana da tsari, kuma ba a tsallake shi: rufi tukuna, a canza kwanon da ya mutu da katakon da gara ta ci, a shafa wa sauran magani. Sai ruwa, a yashe kwata, a ɗaga dokin ƙofa, a fitar da ruwan indararo nesa da tushe. Sai wayoyin wuta, domin tsohuwar waya da aka yi don fanka da ƙwai biyu yanzu an ɗora mata firji da na'urar sanyi, kuma daga nan gobarar dare ke tashi. Fenti shi ne na ƙarshe. Mu kuwa da fenti muke farawa, bayan damina biyu ya kumbure, mai gida ya ce ginin ya gama yayi, a kira katafila. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Shi kansa titin, tunanin da ake yi a kansa ya karkace. Shirin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya yi ayyukan da ba mai musunsu, har da gadar ƙasa ta Leventis da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2022. Mota tana wucewa da sauri fiye da da, wannan gaskiya ne. Sai dai saurin mota da ciniki ba abokan juna ba ne. Motar da ta wuce shagonka a guje ba ta san kana nan ba, kuma matar da ke riƙe da yaro ba za ta tsallaka layuka huɗu na motoci masu gudu don ta duba takalmi a ɗaya gefen ba. Mai wucewa daga Abuja zuwa Zariya ko Kano yana da hanyar Nnamdi Azikiwe, ga kuma hanyar kewaye ta gabas da aka shekara da shekaru ana jiran a kammala. Can ya kamata a zuba ƙarfin da ake zubawa wajen mai da tsakiyar gari hanyar tsere.

Kuma mun ga abin da rusau ke bari idan an yi shi da gaggawa. Otal ɗin Durbar, da aka gina don bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977, an baje shi a Janairun 2020. Duk ra'ayin mutum kan shari'ar mallakarsa, rushewar ta 'yan kwanaki ce, abin da zai maye gurbinsa ne ya zama dogon labari.

Abin da ake buƙata bai kai girman gada ba. KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ita ce ke amincewa da zanen gini, tana iya cewa duk wanda zai sake gini a kan titin nan sai ya bar baranda a buɗe, aƙalla mita biyu, a haɗe da ta maƙwabci, ba shinge ba matakala a tsakiya. A ƙidaya tsofaffin kantunan da suka rage a san su. A samar da wurin ajiye motoci na kuɗi guda biyu ko uku a layukan baya, a sa lokacin sauke kaya da sassafe, a yi wuraren tsallakawa masu tudu da za su tilasta wa direba taka birki. Mai gidan da ya zaɓi gyara maimakon rusau a rage masa wani abu a harajin fili. Sauran bayanan na masana tsara birane ne, kuma Kaduna ba ta rasa su ba. Garin da aka yi wa cikakken tsarin gari na masani ɗan Birtaniya Max Lock tun 1967 bai kamata a ce dillalin shago ne ke yanke masa yadda babban titinsa zai kasance ba.