Yadda na shiga kogon Kapri a kwance, da shaddata da komai

Duk wanda yake harkar fata a Kano ya san sunan Solofra ko da bai taɓa taka Italiya ba. Wani ɗan gari ne a bayan Napoli da ba su da aiki sai jimar fatar akuya da ta tumaki, to harkar ce ta kai ni, muka gama lissafinmu da mutanen sai ya rage min 'yan kwanaki kafin jirgina ya tashi. Ina da ɗan yayata a Napoli, yaron ya daɗe a can har yanzu in yana Hausa hannunsa ne ke fara magana kafin baki. Shi ya ce min Kawu ai ba za ka koma gida ba ka ga Grotta Azzurra ba, wani kogo ne a jikin tsibirin Kapri da teku ke shiga cikinsa, ruwan ciki shuɗi ne mai haske, daga ko'ina a duniya zuwa ake yi.

Na ce to mene ne a ciki, mu je mana. Na ɗauko sabuwar shaddata gezna ruwan madara wadda na ajiye don ranar komawa, na kafa zanna bukar, na fesa turare. Yaron ya kalle ni sama da ƙasa ya ce Kawu da dai ka sa wani abu mara nauyi. Na ce kai tafi can, hoto zan yi, so kake in tura wa Hajiya hotona da gajeren wando?

Daga tashar Molo Beverello muka hau jirgin ruwa mai gudu, bai cika awa ɗaya ba zuwa Kapri, amma wallahi a wannan ɗan lokacin sai da shayin safe ya zo maƙogwaro ya gaishe ni ya koma. Muna sauka a Marina Grande, tashar tsibirin ke nan, yaro ya je wajen masu tikiti ya dawo yana sosa ƙeya, wai kogon a rufe yake yau. Na ce wa ya rufe? Ya ce teku. Na waiga na kalli tekun nan, rana fes, mutane na shan askirim, igiyar ruwa 'yar kaɗan ce take taɓa bakin gaɓa. Na ce yaro ba ka san duniya ba, duk inda ka ji an ce a rufe to akwai wanda makullin ke aljihunsa.

Na hango wani mai jirgi yana naɗe igiya, na ja shi gefe, na ce yaro faɗa masa ni baƙo ne daga nesa, ya kai mu mu biyu kawai, akwai na goro. Yaron ya ce Kawu don Allah ka rufa min asiri. Na ce fassara kawai. Da ya fassara mutumin ya kalle ni, ya kalli hulata, ya fashe da dariya har ya kira abokinsa ya maimaita masa, su biyu suka haɗu suna yi. Sannan ya sa hannu daidai ƙugunsa ya nuna mana, wai iyakar tsayin bakin kogon ke nan, kamar mita ɗaya daga saman ruwa, faɗinsa kuwa kamar mita biyu. In teku ya ɗan motsa igiyar ruwa ce ke cike bakin gaba ɗaya, ko shugaban ƙasa ne ya zo sai dai ya yi hoto daga waje. Kuma ko a ranar da aka buɗe, jirginsa mai inji ba ya shiga, doka ta hana kuma ramin ma ba zai ɗauke shi ba. Iyakarsa ya kai ka bakin wurin ka sauya zuwa ƙananan kwale-kwale na masu lasisi, su kaɗai aka yarda su shiga da mutane, kowanne fasinja huɗu ba ƙari. Su ne kuma suke duba ruwan kowace safiya su ce yau za a shiga ko ba za a shiga ba.

Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce to a kai ni kusa in yi iyo in shiga, ai a kogin Wudil na koyi ruwa tun ina ɗan firamare. Nan yaron ya daina dariya. Ya ce Kawu wannan ce babbar dokar wurin, an haramta iyo a cikin kogon, don igiyar ruwa in ta ɗaga ka a bakin nan da dutse za ta haɗa kanka. Akwai masu satar shiga da yamma in masu kwale-kwale sun tashi, amma in jami'an tsaron teku suka kama ka tara ce. Ya ce ko Heidi Klum, shahararriyar Bajamushiyar nan mai tallan kayan sawa, da aka ɗauke ta hoto ita da mijinta suna iyo a ciki a 2019, jaridu cewa suka yi tarar na iya kai yuro 6,000. Na ciro waya na buga a naira. Na sake bugawa don na ɗauka sifili ne ya yi yawa. Daga nan na ce dama ni ruwan gishiri ba ya yi wa fatata daɗi, mu tafi gida.

Da aka kwana biyu yaro ya duba ya ce an buɗe, muka sake ɗaukar hanya, kuma eh, da shaddar dai, tunda an riga an yi mata guga. Wannan karon ya ce ta tudu za mu bi don ta fi arha, wanda ya bi ta jirgi daga Marina Grande sai ya biya kuɗin jirgin daban sannan ya biya na shiga kogo daban. Muka hau wata 'yar ƙaramar bas zuwa Anakapri, garin da ke saman tsibirin. Hanyar nan a jikin dutse aka sassaƙa ta, ta taga in ka leƙa ba ka ganin komai sai teku can ƙasa, direba kuwa hira yake da wani yana juya sitiyari da hannu ɗaya. Daga Anakapri muka sake wata bas ɗin har inda titi ya ƙare, sai matattakala da ta gangara zuwa bakin ruwa, a kanta ake bin layi.

Layi kam na sha shi. Rana ta take, ba inuwa, kowa da 'yar singileti ni kaɗai nake cikin yadi goma. Ga jirage cike da mutane suna lilo a kan ruwa su ma suna jira, masu kwale-kwale suna ɗiba nan su ɗiba can. Mun fi awa a tsaye. Yaron ya ce mu gode Allah ma, tsakar rana ce lokacin da hasken ya fi kyau shi ya sa kowa ke zuwa. Don ya ɗauke min hankali sai ya fara ba ni tarihi, wai sarkin Rum Tiberiyus da ya tare a Kapri a shekara ta 27 bayan haihuwar Annabi Isa, nan ne wurin wankansa, har gumaka aka jera masa a ciki, an tsamo wasu daga ƙasan ruwan a 1964. Na ce wato shi an bar shi ya yi iyo. Ya ce Kawu shi ne hukumar ai. Sai kuma ya ƙara da abin da bai kamata ya faɗa min a wannan lokacin ba, wai bayan zamanin Rumawa masuntan garin ɗaruruwan shekaru suna gudun wurin don sun ce matattarar aljanu da mayu ce, sai a 1826 wani marubuci Bajamushe August Kopisch ya sa wani masunci ya kai shi, daga nan Turawa suka fara tururuwa. Na ce yanzu kai tun a Napoli ka san da maganar aljanun nan ka yi shiru? Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci.

Da layi ya zo kanmu aka haɗa mu da wani tsoho Bajamushe da matarsa. Ashe babu kujera, a ƙasan kwale-kwalen ake zama, ƙafa a miƙe, wani a gaban wani, kuma ƙasan da ɗan ruwa. Ina zama na ji sanyi ya ratsa gezna har ya isa inda ya isa. Matuƙin, wani ƙaƙƙarfa da rana ta gasa, ya tsara mu yadda nauyi zai daidaita, sai ga shi ya ajiye ni a gaban matar, ma'ana in an ce a kwanta a jikinta zan kwanta. Na ce la ila, matar mutane? Yaro faɗa masa a canja. Aka fara canjin wuri a kan ruwa, kwale-kwale na tangaɗi, mutanen kan matattakala suna ihu da yare kala-kala, tsohuwar na dariya har da hawaye, daga ƙarshe dai aka sa ni a gaban mijin.

Kafin a shiga sai da ya tuƙa mu zuwa ofishin tikiti, wanda shi ma jirgi ne a kan ruwa da mutane zaune da akwatin kuɗi. Yuro 18 kowane kai a lokacin da muka je. Na miƙa ina lissafin fatu nawa ke nan.

Sai muka doshi ramin. Jama'a, abin da mutumin nan ya nuna a ƙugunsa bai yi ƙarya ba, har ma ya yi masa kara. Wani ɗan baƙin rami ne a gindin ƙaton dutse, ruwa na ɗagowa ya kusa rufe shi ya sake sauka, da wata sarƙa da aka ɗaure a jikin dutsen ta shige ciki. Matuƙi ya ajiye filafilai ya kama sarƙar, ya daka mana tsawa mu kwanta. Kowa ya kwanta, ni ma na kwanta, kaina a kan ƙirjin tsohon Bajamushe ina jin bugun zuciyarsa, mun jeru kamar kifin gwangwani. Matsalar ita ce ni na kwanta amma tumbina bai kwanta ba. Matuƙin ya kalle shi, ya kalli rami, ya sa tafin hannu ya ɗan bubbuga shi yana wata magana. Yaro daga can ƙasa ya ce Kawu wai ka ja numfashi ka shanye cikin. Na ce in shanye shi in kai shi ina? Shekara nawa ina tara abina.

Mutumin ya tsaya yana karanta ruwa, igiya ta ɗago ya bari ta wuce, tana sauka ya fizgi sarƙar da ƙarfi shi ma ya kwanto da baya a kanmu. Na ga dutse ya wuce ta saman hancina, sarƙa ta goge min gaban riga, wani abu ya tsinke min hula, ni kuwa kalmar shahada nake da ƙarfi ba a zuci ba, har da yafe wa waɗanda nake bi bashi, abin da ban taɓa yi ba a kan tudu.

Sai duhu, sai kuma aka ce mu tashi zaune. To a nan gaskiya bakina ya mutu. Kogon zai yi mita 60 a tsawo, faɗi kamar 25, saman duhu ne amma ruwan kansa ne ke ba da haske, wani irin shuɗi da ban taɓa gani ba ko a rinin Ƙofar Mata. Ashe a ƙarƙashin ɗan ramin da muka shigo akwai wata babbar kafa a cikin ruwa, ta nan hasken rana ke shigowa, ruwan ya tace jan ya bar shuɗin. Na tsoma hannu na ga ya koma kalar azurfa. Ga kuma zanna bukar ɗina can tana yawo a tsakiyar shuɗin nan ita kaɗai, ta riga ni yin iyon da aka hana. Matuƙi ya sa filafili ya tsamo ta ya ɗora min a ka yadda take, ruwa na bin wuyana, sannan ya buɗe murya ya kama waƙar mutanen Napoli. Sauran matuƙan da ke ciki kowa da tasa waƙar, kogo na amsawa, tsohon Bajamushe ya riƙe hannun matarsa, ni kuma ina ta waige-waige ta lungunan da ke da duhu saboda maganar masuntan nan ba ta bar ni ba.

Ban gama gyara zama ba aka ce a sake kwanciya. Minti biyar ke nan fa, wai an gama. Na ce yaro tambaye shi ko akwai ƙarin zagaye tunda mun sha layi, ya ce Kawu mutane na jira a waje, ka shanye cikinka kawai. A fitar ce ma igiyar ruwa ta samu sa'a ta watso mana, kuma da yake ni ne na fi kowa tudu ni na tare wa jama'a. Muna isa matattakala matuƙi ya miƙo hannu yana murmushi, ashe bayan tikiti akwai ɗan ihsani da ake ba su, ba dole ba ne amma kallon da zai yi maka ya fi dole. Na ce ka gani ko, ashe dai suna karɓar na goro, sai an fito ne kawai. Na ba shi, don mutumin da ya ceto min hula ya kuma wuce da tumbina lafiya ya ci haƙƙinsa.

A bas ɗin komawa, ina ɗigar ruwa mutane na matsawa, na ce yaro kawo bidiyon in gani, don tun a layi na ba shi wayata na ce ya ɗauki komai. Ashe da aka ce a kwanta kyamarar ta juya, abin da ya ɗauka daga farko har ƙarshe ƙasan haɓata ne da ramukan hancina, sai muryata tana salati tana yafe bashi. Na ce goge shi yanzu. Ya ce to Kawu. Kafin mu sauka a Napoli abin ya shiga guruf ɗin dangi, wani abokin kasuwata da nake bi kuɗin fata tun bara har ya turo min saƙon murya yana godiya wai Allah Ya saka da alheri ya ji na yafe. Hajiya kuwa ta kira ta ce Alhaji mun ga hanci mun ji salati, to shi ruwan shuɗin da aka kashe wa kuɗin yana ina?